Jinina Bai Yi wa Baba Ba

A ƙauyenmu, can arewa da Affala, babu wanda ya taɓa gane karatun da nake yi a Yamai. In na ce ilimin ƙwayoyin halitta ne, da yadda ɗa yake gadon iyayensa, sai a gyaɗa kai a ce, "To, likita ke nan," a miƙo mini ƙafa mai kumburi in duba. Na gaji da gyara musu, na bar su a kan haka.

A shekarata ta biyu a jami'a aka shigar da mu labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, aka ce kowa ya tsaga yatsansa. Jini ɗigo-ɗigo a kan farin faranti, a zuba masa ruwan gwaji mai shuɗi, a zuba mai rawaya, a juya da tsinke. Inda ya dunƙule kamar gasarar da ta kwana, nan ake karanta rukunin jinin mutum. Nawa ya dunƙule a duka biyun. Malaminmu ya leƙo ya ce AB ne, ba kowa ke da shi ba. Har daɗi na ji, kamar wani abin kirki na yi.

Bayan nan ya tsaya a allo ya yi mana bayanin gado. Kowane mutum alama biyu yake ɗauke da ita, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai rukunin O ba shi da abin da zai ba ɗansa sai O. Shi kuwa mai AB ya karɓi A daga ɗaya, B daga ɗaya, babu O a jikinsa ko na magani. Saboda haka mai O ba ya haifar mai AB, sai a wasu 'yan larurori da malamin ya ce zai yi wuya mu gamu da su har mu tsufa. Ya kakkaɓe alli daga hannunsa ya ce kada wanda ya je gida ya kafa wa iyayensa kotu. Ajin ya kwashe da dariya, ni ma na yi, na rubuta, na ci jarrabawa.

Da damina na koma gida hutu. Ana tsakiyar noma Baba ya faɗi a gona. Ƙaba ce da ya daɗe yana ɗaure ta da rawani yana cewa ba komai, ranar ta murɗe. Muka ɗauko shi zuwa wani asibiti a Tawa, ni da Gwaggo, wato yayarsa, da Baffa ƙaninsa. Inna ta zauna gida saboda gona da bisashe, don ni kaɗai suka mallaka, babu wanda za a bar wa. Aka ce za a yi masa aiki, amma sai dangi sun ba da jini. Ni na fara miƙa hannu, ina taƙama, ga ɗan jami'a ya zo ceton ubansa.

Mai gwajin wani siririn mutum ne ɗan Maradi, ba ya son dogon zance. Ya duba faranti ya ce, "Tsohon naku O ne. Kai AB. Naka ba ya yi mishi. Na baya ya matso."

Baffa ya matso, nasa ya yi, aka ɗiba. Babu wanda ya ji komai a cikin wannan magana sai ni. Gwaggo ma cewa ta yi, "Jinin 'yan lakkwal ruwa na, dama," wato mu 'yan makarantar boko. Na fito na zauna ƙarƙashin dogon-yaron da majinyata ke girki, allon malaminmu yana tsaye a idona. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, an faɗa, amma nawa sanin ba ƙarami ba ne, daidai yake, kuma abin da ya tsorata ni ke nan.

An yi aikin lafiya. Baba ya farfaɗo yana neman goro. Ni kuwa tun daga ranar na zama wani mutum daban, mai ido a kan kowa.

Wanda ya san yankinmu na Adar ya san biɗa. Da an gama girbi maza su kama hanyar Abijan neman abin rufin asiri, wani ya dawo da damina, wani sai ya share shekaru. Baba ya yi wannan tafiya tun yana saurayi har gemunsa ya fara fari. Matan kuwa suna gida. Na sha jin samari a wurin shayi suna ba da labarin wanda ya dawo ya tarar da jariri, aka ce masa cikin ne ya kwanta ya jira shi. Na sha yin dariyar waɗannan labarai. Yanzu sai ga ni ina lissafi a zuci da sunan Inna, matar da ko katangar maƙwabta ba na jin ta taɓa leƙawa. Na ji kunyar tunanin, na ji haushinsa, amma ya ƙi fita.

Sai na shiga kallon Baba yana barci. Shi gajere ne mai faɗin ƙirji, ni dogo kamar karan dawa. Kunnensa a manne yake, nawa a sake. Na san sarai an koya mana cewa waɗannan ba hujja ba ne, amma mai neman laifi ko a ruwan sha zai samu. Duk wanda ya taɓa ce mini albasa ba ta yi halin ruwa ba, don na kasa riƙe hauya kamar Baba, sai da na tono maganarsa na sake juya ta. Har dogayen mazan ƙauyenmu na jera a raina ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani mai tebur da yake ba ni dabino kyauta ina yaro. Bawan Allah, ya rasu ma, amma sai da na tuhume shi a kabarinsa: me ya sa ni yake ba, ba sauran yara ba?

Inna takan kira ta wayar maƙwabcinmu ta tambayi jiki. In ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" sai in ce na ci, in miƙa wa Gwaggo wayar. Muryarta da nake ƙosawa in ji a Yamai, yanzu sauraronta nake kamar mai neman inda za ta yi tuntuɓe.

Rukunin jini yana iya cewa a'a, amma ni so nake in ji daga ADN, wato rubutun gadon da ke cikin kowace ƙwayar jiki, wanda ba ya barin shakka. Akwai wani da ya riga mu a karatu, yana taimakawa a wani labo a Yamai. Na kira shi na yi masa tambaya a kaikaice, wai don wani abokina. Ya ce aikin da wuya, ba lalle ya iya ba, amma in ana so a gwada, a samo abin da ya goga cikin bakin mutumin, don ƙwayoyin kunci suna maƙalewa, a bar shi ya bushe a takarda. Ina kashe waya idona ya faɗa kan asuwakin Baba, a kan akwatin gefen gado, ya tattauna kansa ya yi laushi.

Da hantsi, yana gyangyaɗi, na ɗauke shi na naɗe a takarda na sa aljihu. Ina juyowa na ga Gwaggo a bakin ƙofa da kwanon fura a hannu. Ta yafito ni muka fita baranda.

"Mi kas sa aljihu?"

"Ba komi, Gwaggo."

"Hiddo shi."

Na fito da shi. Ta kwance takardar a hankali, ta dubi asuwakin, ta dube ni, fuskarta ta canja.

"Wane boka na yac ce ka kai mai yawun ubanka?"

"Wallahi ba boka ba na. Na karatu na."

"Karatu? Da yawun mutum shina kwance rai ga Allah? Ni za ka yi ma wayon birni?"

A wurinmu ba a wasa da abin da ya fito daga jikin mutum. In wanzami ya yi aski, gashin binne shi ake yi. In an yanke farce, ba a barinsa a ƙasa. Kowa ya san da irin waɗannan ake yi wa mutum sammu. Ni da na tashi a cikin wannan, karatu ya sa na manta, na ɗauki yawun ubana na naɗe a takarda a ɓoye, kamar yadda duk wani mugu zai yi. Ta soke asuwakin a cikin ɗankwalinta ta shige ɗaki.

Daga ranar mai zargi ya samu mai zarginsa. Gwaggo ta tare a gindin gado. Gwangwanin da Baba ke tofa yawu ita ke zubarwa da kanta, ta bi da ƙasa ta rufe. In na sayo fura sai ta ce in fara sha a gabanta. In na gyara masa matashi sai ta ɗaga ta duba ƙarƙashi. Ta sa aka karɓo rubutu daga wani malami a cikin gari, tana ba Baba, tana shafa masa, tana kallona ta gefen ido tana cewa, "Kifi na ganinka, mai jar koma." 'Yan dubiya daga Affala da Kalfu in sun zo sai ta ja su gefe, in sun dawo gaisuwar da za su yi mini ta ragu rabi.

Baffa ya kira ni bayan masallaci ya ce, "Gonar ga ba gudu za ta yi ba. Kai ɗai ag gare shi. Mi kaka gaggawa?" Na tsaya ina kallonsa. Wai ni, da nake kwana a kan tabarma a bakin ƙofarsa, ni ake cewa ina son ran Baba don gonar da ko iyakarta ban gama sani ba. Amma me zan ce? In na wanke kaina, sai na faɗi dalilin ɗaukar asuwakin, in kuwa na faɗa, na jefi Inna da maganar da ba ta wankuwa a ƙauye har abada. Gaba kura, baya sayaki. Na gwammace a ce mini mai bin bokaye, na yi shiru, shirun kuma ya ƙara tabbatar musu.

Ana cikin haka ɗinkin ya ɓalle ta ciki, Baba ya zubar da jini, aka ce a sake nemo wani. Baffa bai daɗe da bayarwa ba, aka ƙi karɓar nasa. Gwaggo ta tsufa. Labari ya kai gida, ranar Lahadi sai ga Inna ta sauko daga motar kasuwa da ƙullin gari a ka, ƙafafunta duk laka. Na karɓi kayan ban iya haɗa ido da ita ba. Ta ce ita a gwada nata. Na raka ta wurin ɗan Maradin, na tsaya daga baya.

Ya ɗiga, ya juya, ya ce, "Madalla. O ce ita ma. A shiga da ita."

Na ce masa ya sake. Ya ɗago ya dube ni, ya ce shi ba ɗalibi ba ne. Na roƙe shi. Ya yi tsaki ya sake a gabana. Jinin Inna ya kwanta lumui, bai dunƙule a shuɗi ba, bai dunƙule a rawaya ba. Na miƙa yatsana na ce har da nawa. Nawa ya dunƙule a duka biyun, kamar yadda ya yi a Yamai.

Na fito waje. Dokar da ta hana Baba haifata ita ce ta hana Inna. Duk lissafin biɗa da na yi, da dogayen mazan ƙauye, da mai tebur a kabarinsa, duk sun zube. Abin da ya fara zo mini sanyi ne, Inna ta fita daga zargi. Bayansa kuma sai wani rami da ya fi na farko zurfi. Ba a asibiti aka haife ni ba balle in ce an yi musanya. To ɗan wane ne ni?

Na sami Gwaggo a bakin famfo tana wanke kwanuka. Na tsuguna kusa da ita na ce zan faɗa mata gaskiyar asuwakin. Na yi mata bayani da tsakuwa, biyu nan, biyu can, kamar mai koya wa yaro dara. Ban ɓoye mata ba har abin da na zata game da Inna. Ta saki kwano ta dafe baki.

"La'ilaha illallahu. Ashe jini magana shikai?"

"Shina yi, Gwaggo. Ki hwaɗa min."

Ta kashe famfon. Sannan ta ce tsakaninta da Baba akwai wani namiji, wansa. Na san da shi, ana ambatonsa a addu'a ranar salla, an ce ya rasu a Abijan bai bar baya ba. Ta ce ya bari. Ya tafi biɗa ya bar matarsa da ciki, wata 'yar wajen Tebaram, zazzaɓi ya kashe shi a can. Matar ta haihu, ba ta yi arba'in ba ta bi shi. A daidai lokacin Inna ta binne jaririnta, kamar yadda ta binne na gabansa, nono yana zuba babu mai sha. Aka ɗauko ni aka sa mata a cinya. Da Baba ya dawo daga biɗa ya tara dangi ya ce duk wanda ya kira yaron nan maraya, ko ya buɗa masa, babu shi babu shi har lahira.

"Wa da wa sunka sani?" na tambaye ta.

"Wa na bai sani ba? Gari dut ya sani."

Wannan ce ta fi ƙona mini rai, kuma har yau ban gama hucewa ba. Liman ya sani. Matan da ke daka a gidanmu sun sani. Abokan wasana da muka yi dambe, muka zagi juna ta uwa ta uba, iyayensu sun sani, babu wanda bakinsa ya suɓuce. Ƙauyen da in akuya ta yi ɓari da safe kafin azahar an ji a Kalfu, shi ne ya riƙe magana ɗaya shekara da shekaru, kuma ni kaɗai aka riƙe wa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To na yarda, amma tun daga lokacin in mutumin garinmu ya yi mini murmushi sai na tambayi kaina me kuma ya sani.

Gwaggo ta zaro asuwakin daga ɗankwali ta jefa a kwata, ta ce in yafe mata zancen boka. Na roƙe ta kada ta gaya wa Inna abin da na zata. Ta rantse. Amma cikin da ya riƙe waccan maganar ya riga ya cika, wannan ba ta samu wuri ba.

Washegari da la'asar na tarar da Inna ita kaɗai ƙarƙashin dogon-yaro tana dama wa Baba kunu. Audugar da aka manna mata a gwiwar hannu tana nan ba ta cire ba. Jikin Baba ya yi sauƙi, har ya zauna ya yi salla. Na zauna a gefen tabarma. Ba ta ɗago ba, tana ta juya ludayi, daga nan na gane an gaya mata.

"Gwaggonka ta ce ka ji komi."

"Na ji, Inna."

"Ta ce kahin nan ni kaz zarga. Wai na ci amanar ubanka shina Abijan."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara kame-kame, ina cewa karatun ne, ina cewa allo, ina cewa O da AB. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi, har mari na shirya wa, don mace ba a yi mata wannan zato ta yi shiru. Ta bar ni na gama. Ta ɗaga ludayi ta duba kaurin kunun, ta ƙara ruwa kaɗan.

"Da na san abin da gwajin ga za shi nuna," ta ce, "da ban miƙa hannuna gabanka ba. Da sai in bari ka tahi masallaci."

"Inna, ai shi yaw wanke ki."

Sai a lokacin ta dube ni. Idonta jajir, amma babu hawaye.

"Wa yac ce maka wanki nika so? Da ka zamna bisa zarginka, ɗiyana. Ka ƙi ni, ka daina gaishe ni, in ɗauka. Ko banza, cikin zargin nan ni na haihe ka."

Ta juye kunun a kwano, ta rufe da faifai, ta miƙo mini ta ce in kai wa ubana tun bai huce ba.